Allon Gefe Da Na Baya: Abin Da Ke Riƙe Jirgin Iska

Duk wanda ya zauna Ikko ya ga kwale-kwalen masunta sun ɗaga zane, iska na tura su. To, ɗaga zane shi ne mai sauƙi. In iska ta bugo daga gefe, jirgi mai shimfiɗaɗɗen gindi sai ya riƙa zamewa a karkace, har ya faɗa kan yashi ko ya kife da kaya.

Maganin wannan shi ne allon gefe, watau faffaɗan katako da ake rataya shi a jikin jirgi da noti guda, ya nitse cikin ruwa ya tokare. Mutanen Holanda sun daɗe da wannan dabara saboda ruwansu ba zurfi, kamar dai tafkin Ikko. Allon ya taɓa ƙasa, sai ya ɗaga da kansa. Kafinta zai sami maɗaci ko iroko busasshe, ya zagaye bakin gaba, ya fiƙe na baya siriri. A kafa shi daidai da tsakiyar zanen. In ya yi gaba da yawa, jirgi zai dinga juya kai cikin iska, matuƙi ya gaji.

Allon baya kuwa, mai juya jirgi, bai kai wancan girma ba. Ana ɗaura shi a kan ƙarafa biyu kamar ƙyauren ɗaki, da sanda a samansa. Kada a yi rowar kuɗin tagulla a nan, domin ruwan gishiri na cin baƙin ƙarfe, kuma a tsakiyar ruwa yake karyewa.