Wa Ke Riƙe da Makullin Ginin da Ke Cikin Kwamfuta?

A Achilafiya ko Roni ko Gwiwa a ƙasar Kazaure ta Jigawa, ranar da za a fitar da harsashin ajin makaranta ko ɗakin shan magani, kayan aikin ba su da yawa: igiya, ƙusoshi, tef ɗin awo, toka ta jan layi, sai takardar zane da ta sha ninki a aljihun babban magini. In gardama ta tashi kan faɗin taga ko yawan rodin da za a zuba a linta, takardar ake shimfiɗawa a kan bulo, a danne gefenta da dutse saboda iska. Abin da ke kanta, da hatimin mai zane da sa hannun injiniya, shi ke raba gardama.

Wannan takarda ce sabon tsarin da ake kira BIM yake neman karɓe wa matsayi. Maimakon kowane ƙwararre ya yi zanensa shi kaɗai, sai a fara gina ginin dungum a cikin kwamfuta, da manhaja irin su Revit ko ArchiCAD. Mai zane ya ɗora bango, injiniya ya sa ginshiƙai, mai wuta da mai famfo su bi da wayoyi da bututu, mai ƙididdiga ya ciro yawan siminti da rodi daga nan. Idan bututun ruwa ya ratsa ta cikin ginshiƙi, a allo za a gani, tun ba a sayi buhu ɗaya na siminti ba. Duk wanda ya taɓa ganin an fasa sabon dakin da guduma don kawai an manta da hanyar waya ya san darajar hakan.

Ingila ce ta yi wa tsarin babbar talla: a 2011 gwamnatinta ta sanar cewa daga 2016 ayyukan gwamnatin tsakiya sai da shi, a 2018 kuma aka fitar da ƙa'idar duniya mai lamba ISO 19650. Ƙasar Kazaure ba ta yi nisa da wannan guguwa ba. Layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021 kuma kamfanin Mota-Engil na Fotugal yake ginawa, ta Kazaure ya bi. A 2021 ɗin ne aka amince da kafa Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Babura, ga kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu a Kazaure. Manyan gine-gine suna zuwa, matasan da suka fi sabo da allo kan takarda suna fitowa. Abin da bai motsa ba shi ne takardar kwangila.

Wata shari'a da aka yi a Landan a 2017 ta nuna inda gizo ke saƙar. Kamfanin Trant ya samu aikin gina tashar lantarki ta fam miliyan 55 a tsibiran Falkland daga Ma'aikatar Tsaron Birtaniya, ya ɗauki kamfanin Mott MacDonald ya yi masa zane, shi kuma mai zanen ya ajiye dukkan bayanan aikin a rumbun intanet da kowa ke shiga da kalmar sirri. Saɓani ya tashi kan biyan kuɗi. Sai mai zane ya toshe hanyar shiga rumbun, ɗan kwangila ya wayi gari ba ya iya ganin zanen aikin da yake yi. Da aka je kotu, har a kan ko akwai kwangila a tsakaninsu sai da aka yi ja-in-ja, domin an aika da takardar yarjejeniya amma ba a mayar da ita da sa hannu ba. Mai Shari'a O'Farrell ta ba da umarnin wucin gadi a buɗe rumbun, bisa sharaɗin Trant ya ajiye fam 475,000 a kotu.

A kawo wannan labari gida. A da, ko an ɓata da mai zane, takardar tana hannun ɗan kwangila, aiki ya ci gaba, a yi sulhu daga baya. Yanzu mutum ɗaya yana zaune a ofis a Kano ko Abuja zai iya tsayar da leburori talatin a Babura da danna maɓalli. A wurin da jinkirin biyan kuɗin aiki ba baƙon abu ba ne, wannan makami ne mai kaifi, kuma ɗan kwangilar da ya ci bashi ya fara aiki kafin kuɗin kafin alƙalami su fito ba shi da ƙarfin zuwa kotu neman umarni.

Sai batun laifin wa. Dokokin Najeriya sun raba sana'o'in gini gida-gida: ARCON na rajistar masu zane, COREN injiniyoyi, CORBON magina, QSRBN masu ƙididdiga. Kowa da hatiminsa, kowa da abin da zai amsa. Samfurin ginin da ke cikin kwamfuta kuwa tukunya ɗaya ce da hannaye da yawa suka shiga. Mai zane ya matsar da bango da rabin mita ranar Talata, injiniya bai lura ba, mai ƙididdiga ya riga ya ciro lissafinsa ranar Litinin, takardar da aka buga wa magini kuma ta makon jiya ce. Rodi ya gaza, an nemi ƙarin kuɗi. Wanne ne kwangilar: samfurin, ko takardar da aka sa wa hannu? Ingila ta amsa wannan da wata ƙarin yarjejeniya da majalisar masana'antar gini ta fitar a 2013, ta sabunta a 2018, wadda ake liƙawa a jikin kwangila. Dokar sayen kaya da ba da kwangila ta tarayya ta 2007 ba ta ambaci samfurin ba. Inda takarda ta yi shiru, mai ƙarfi ne ke fassara ta, kuma a wurin gini mai ƙaramin ƙarfi shi ne ƙaramin ɗan kwangila da aka yanka wa wani sashe na aikin.

Mallaka ta ɗan fi sauƙi. Dokar haƙƙin mallakar fasaha ta 2022 ta bar haƙƙi ga wanda ya ƙirƙiri abu, amma aikin da aka yi wa gwamnati na gwamnati ne, sai in an yi yarjejeniya saɓanin haka. Sai dai mallakar haƙƙi daban, riƙe fayil ɗin daban. Asibitin da za a yi wa ƙari bayan shekara goma sha biyar yana buƙatar samfurin da zai buɗu, ba wanda ke maƙale a manhajar da lasisinta ya ƙare ba. Lasisin da dala ake biyansa, ita kuwa dala da take wajen naira 460 a farkon 2023 ta haura 1,500 a 2024. Wannan kaɗai ya isa ya tura ƙananan ofisoshi ga manhajar sata, wadda ke jawo wata rigimar ta shari'a.

Ko an je kotu ma da sauran aiki. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya yarda da hujjar da ta fito daga kwamfuta, amma sai an nuna cewa na'urar tana aiki yadda ya kamata, an kuma kawo takardar shaida a kai. A ƙarar Kubor da Dickson ta zaɓen gwamnan Bayelsa, Kotun Ƙoli a 2012 ta ƙi karɓar shafukan jarida da aka ciro daga intanet saboda ba a cika waɗannan sharuɗɗa ba. Samfurin da mutum goma suka taɓa sau ɗari, wa zai rantse a kansa? Sai in tun ranar farko an ajiye tarihin wanda ya canza me, da yaushe.

Gyaran bai kai wahalar da ake zato ba, kuma Jigawa tana da inda za ta fara. Hukumar tantance kwangiloli da sa ido kan ayyuka ta jiha, wadda ke Dutse, tana iya ƙara shafi biyu ko uku a takardun manyan ayyuka: a fayyace wanda ke rinjaye tsakanin samfur da zane, a hana toshe rumbun saboda rigimar kuɗi, a sa mai aikin ya riƙe kwafi a tsarin IFC da manhajoji da yawa ke buɗewa, a rubuta sunan ofishin da zai amsa kowane sashe. Ajujuwa biyu da ofis a Achilafiya ba sa buƙatar wannan duka, kuma tilasta shi a kan ƙananan ayyuka zai kori 'yan kwangilar gida ne kawai, a bar wa na birni fili. Amma duk aikin da aka zana a kwamfuta, babba ko ƙarami, ya kamata magini ya samu takarda bugaggiya mai kwanan wata da lamba da sa hannu. Hoton zane da aka turo masa ta WhatsApp da daddare, wanda zai riƙa buɗawa da yatsu biyu a cikin rana, ba zai tsaya masa a gaban alƙali ba ranar da aka ce ya rushe bangon da kuɗinsa.