Gitar a kiɗan jaz: yadda magabata ke ƙaga kiɗa nan take

Wanda ya saurari tsofaffin faya-fayen jaz yakan yi mamakin yadda makaɗi ke sakin hannu bisa gitar ba tare da takarda gabansa ba. Waɗansu na zaton kiɗan ganin dama ne. Alhali kuwa yana da ƙa'idodi, waɗanda aka kafa a Amurka da Faransa tsakanin 1925 da 1942, zamanin salon da ake kira suwing.

Da farko banjo ke riƙe taki cikin ƙungiyoyin jaz, domin ya fi gitar ƙara. Eddie Lang, ɗan asalin Italiya da aka haifa a Filadelfiya a 1902, shi ya nuna gitar na iya rera waƙa tsirkiya ɗaya-ɗaya. Ya rasu a 1933, amma ya riga ya buɗe hanya.

Ƙa'ida ta farko ita ce taki. Kowane awo bugu huɗu ne, kuma waƙoƙin zamanin galibi awo 32 ne, ko 12 idan bulus ne. Makaɗi na ƙirgawa a zuci har ya san inda zagaye ya ƙare. Freddie Green ya shiga ƙungiyar Count Basie a 1937, ya yi shekara 50 yana riƙe wannan bugu huɗu, kuma da wuya a ji shi shi kaɗai. Bisa irin wannan tushe ne saura ke gini.

Ta biyu ita ce yi wa waƙa ado. Makaɗi ya fara kawo ta yadda kowa ya san ta, sa'an nan ya jinkirta wani sauti, ya gaggauta wani, ya cike giɓi da nasa.

Ta uku ita ce warware akor, wato sauti uku ko huɗu da ake bugawa tare. Makaɗi ya bi su ɗaya bayan ɗaya, hawa da sauka. Idan akor ya sake, shi ma ya sake. Yakan kuma taɓa sautin da ke maƙwabtaka da wanda yake nufi kafin ya sauka kansa.

Nan ne Django Reinhardt ya gagara. An haife shi a Baljik a 1910 cikin Manush, al'umma masu yawo. A 1928 gobara ta kama keken da yake kwana ciki, ta nakasa yatsu biyu na hannunsa na hagu. Bai jefar da gitar ba: ya koyi tafiya da yatsu biyu, yana hawa da sauka bisa tsawon wuyanta. A 1934 shi da mai goge Stéphane Grappelli suka kafa ƙungiyar mutum biyar a Pari: gitar uku, goge ɗaya, da babban goge mai kaurin murya. Ba su da ganga, gitar biyu ke riƙe taki. Ya rasu a 1953.

Ta huɗu ita ce gajeren zance da amshi, abin da ba baƙo ba ne ga kunnen da ya saba da makaɗanmu da ƴan amshinsu. Charlie Christian, wanda ya tashi a Oklahoma, ya shiga ƙungiyar Benny Goodman a 1939 da gitar mai lantarki. Lantarki ya ba sautinsa tsawon rai, har ya riƙa jan zance kamar mai busa saksofon, bisa koyi da Lester Young. Yakan maimaita ɗan guntun kiɗa, ya yi shiru, sa'an nan ya ba kansa amsa. Tarin fuka ya ɗauke shi a 1942 yana da shekara 25.

Saboda haka, saurayin da ya haddace kiɗan Django sauti bayan sauti ya yi rabin aiki kawai, domin ranar da aka sake waƙa zai tsaya cik. Sai ya riƙe taki, ya san akor na kowane awo, ya rera da baki abin da yake so kafin yatsu su bi. Su ma waɗannan gwanaye da kunne suka koya, kusa da manyansu.