KAYAN GYARAN MOTA NA ARAHA: WANDA ZA A SAYA DA WANDA ZA A KIYAYA



Duk wanda ya taɓa loda shanu daga Maraɗi ko Damagaram ya nufi Ikko da su, ya san tsayuwar mota ita ce babbar abokiyar gabar falke. Tafiyar ta haura kilomita 1,000. Muddin mota na tafiya iska na kaɗa dabbobi, suna jurewa. Da ta tsaya cikin rana, zafi ya taru a bodi, sai raunana su fara durƙushewa, manya su bi ta kansu. Saniyar da ta kwanta ba a tashe ta da wuri ba, ƙarshenta wuƙa a bakin titi, mahauta su taya yadda suka ga dama. Abin haushin shi ne, sau da yawa abin da ya tsai da motar bai taka kara ya karya ba: kan batir ya kwance, ko fiyus ya ƙone, ko iska ta shiga bututun gazuwal. Ga mai kayan aiki gyaran minti 20 ne. Wanda ba shi da su kuwa sai ya yini yana jiran bakanike daga gari na gaba.

Yau kayan gyara sun yi araha, sun kuma yawaita. A Amurka akwai kantunan Harbor Freight, kamfanin da aka kafa a 1977, sana'arsu ke nan sayar da kayan aiki masu sauƙin kuɗi. A Turai kantunan Lidl na sayar da nasu da sunan Parkside. Galibi a ƙasar Sin ake ƙera su, kuma ire-irensu ne suka cika Katako a Yamai, da Ƙofar Ruwa a Kano, da Fanteka a Kaduna, da Ladipo a Ikko, wasu da suna irin su Ingco da Tolsen, wasu ba suna sam. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Gaskiya ne, amma falke ba ado yake nema ba, so yake motarsa ta tashi.

To, ga ma'aunin da za a riƙe. Kafin ka saya, ka tambayi kanka: in abin nan ya karye ina cikin aiki da shi, me zan rasa? In amsar ita ce "shi kaɗai", sayi na araha. In kuwa amsar ita ce hannu, ko rai, ko motar da abin da ta ɗauko, to nan ba wurin tsimi ba ne.

WAƊANDA ARAHARSU BA TA CUTARWA

1. Sifana, wato kile. Ba sai ka sayi ƙaton akwati mai ɗauke da ƙarafa 100 ba, rabinsu har abada ba za ka taɓa su ba. Motocin Japan irin su Hilux da Canter sun fi aiki da lamba 8, 10, 12, 14, 17 da 19. Na Turai irin su Peugeot da Mercedes suna yawan neman 13. Lamba 10 a sayi biyu, don ita ce ta kan batir, ita ce kuma ta fi ɓata. Wajen soket, a zaɓi mai kusurwa 6 a ciki. Mai kusurwa 12 in ba ta ƙwarai ba ce tana zamewa ta cinye kan noti, ƙaramin aiki ya zama babba.

2. Filaya, sukuddireba da guduma. Na araha sun wadatar. A haɗa da filayar nan mai makulli wadda ke kama ƙarfe ta riƙe da kanta. Ita ke kwance notin da kansa ya cinye.

3. Mitar gwajin wuta. Ƴar ƙarama ce, tana shiga aljihu, amma tana raba gardama tsakanin direba da mai mota. Batir mai lafiya, mota a kashe, zai nuna kusan bolt 12.6. In ya sauko 12 ko ƙasa, ya yi sanyi. In an tada injin ya kamata ya hau tsakanin 13.5 da 14.5. In bai hau ba, motar ba ta caji, ko an sa sabon batir zai mutu a hanya. Manyan motoci masu batir biyu na aiki da bolt 24, sai a ninka lissafin: injin na aiki, a ga kusan 28.

4. Gejin taya. Duka da ƙarfe a saurari ƙara ba awo ba ne. Tayar da iskarta ta ragu tana ɗaukar zafi, zafin nan shi ke fasa ta ƙarƙashin kaya. A auna da safe taya na da sanyi. Ta ƙaramar mota na shan bar 2 da ɗoriya, ta tirela kuwa bar 8 zuwa 9, saboda haka a duba gejin ya kai nan kafin a saya. A ƙasashen sefa da bar ake lissafi, a Nijeriya da Gana masu faci sun fi sabawa da PSI. Bar 1 daidai yake da PSI 14.5. A riƙe wannan don kada a yi saɓani bayan an ƙetare iyaka.

5. Kayan toshe hujin taya maras tif. Tsinke biyu ne da igiyoyin roba masu danƙo. Suna fidda ƙaramar mota daga daji in ƙusa ta shiga ta inda taya ke taka ƙasa. In hujin a gefen taya yake, ba a toshe shi, sai dai a sa safaya. Ƙaramin famfon iska da ake jonawa a batir na cika tayar Hilux ko babur, amma kada a sa rai zai cika ta tirela. Ita babbar mota tana da tankin iskarta, doguwar mesa kawai ake buƙata.

6. Ƙananan abubuwa: tocilar da ake ɗaurawa a goshi don hannu biyu su sami sakewa, salatif na wuta, ƴar waya, ƙarafan ɗaure bakin mesa, giris, da fanbel da filtar gazuwal na ajiya. Gazuwal ɗin jarka da ake saye a bakin hanya yakan zo da ruwa ko datti, filta ce ke fara toshewa.

7. Na'urar karanta ciwon mota. Wannan ta masu sababbin motoci ce. Tun 1996 a Amurka, da 2001 ga motocin fetur a Turai, doka ta sa a yi wa ƙananan motoci wata kafa mai haƙora 16 a ƙarƙashin sitiyari, ana ce mata OBD. Akwai ƴar na'ura mai araha da ake cusawa nan, ta aika wa wayar hannu lambar abin da ya sa fitilar injin ta kama. Ba ta gyara kome, amma tana hana a yi ta canza kayan da lafiyarsu ƙalau. Tsofaffi irin su 504 da 911 ba su da wannan kafa. Kada kuma a cusa ta ƙaramar mota a babbar mota mai bolt 24, tana iya ƙonewa.

INDA BA A NEMAN ARAHA

Na farko jak, wanda muke ce wa kirik. Mai ya riƙe shi, ƴar roba ce ke tare man. In robar ta saki, mota za ta sauko ba sallama. A sayi wanda ƙarfinsa ya zarce nauyin da zai ɗaga da nisa, don lambar da ake bugawa jikin na araha ba kullum take gaskiya ba. Kuma motar shanu daban take da motar siminti: kayanta motsi suke. Bijimi biyu su karkata gefe ɗaya, jak ya goce. Saboda haka ko jak ɗin na ƙwarai ne, ba a shiga ƙarƙashin mota sai an tokare ta da ƙarafan tokari ko katako mai kauri, an kuma sa wa sauran tayu waigi gaba da baya. Bulon siminti ba abin tokari ba ne, fashewa yake lokaci guda. A cikin rairayi a shimfiɗa faffaɗan katako ƙarƙashin jak.

Na biyu sifanar taya. Notin Hilux lamba 21 ne, na yawancin tireloli 32 ko 33, kuma ɗaurin na tirela ya ninka na ƙaramar mota kusan sau 5 ko 6. Yaron mota kan ƙara bututu ya hau da ƙafa. In ƙarfen na banza ne, nan yake karyewa ya tafi da haƙoran mutum. A lura kuma: wasu motocin Japan, irin tsofaffin Canter da Isuzu, notin tayunsu na hagu a juye yake kwancewa, za a ga harafin L a kan ƙusar. Wanda bai sani ba sai ya yi ta ɗaurewa yana zaton kwancewa yake. Bayan canjin taya, in an yi kilomita 50 zuwa 100, a tsaya a sake bin notin duka.

Na uku wayar jona batir. Ta araha robarta ce mai kauri, in ka feɗe sai ka tarar da ƴar siririyar waya, wani lokaci ma alminiyom ne aka shafa wa jan ƙarfe. Injin gazuwal na jan wuta da yawa wajen tashi, irin wannan waya zafi kawai za ta yi ta narke. A ɗaga a ji nauyi, ta jan ƙarfe zalla ta fi nauyi. Wajen jonawa, ja a kan alamar tarawa ta batir biyun, baƙa a kan alamar ɗebewa ta batir mai rai, ƙarshenta ɗaya a jikin ƙarfen injin motar da ta mutu, nesa da batir. Kada a tada mota mai bolt 12 da mai 24.

Na huɗu fiyus. Aikinsa ya ƙone kafin waya ta ƙone. Jabu yakan ƙi ƙonewa, haka ma ɗaura waya a madadinsa. Mota cike da dabbobi da busasshiyar ciyawa ba wurin wannan ganganci ba ne. Tukunyar kashe gobara ita ma a sayi mai kyau, a riƙa duba allurarta tana kan kore.

YADDA AKE ZAƁE A KASUWA

Ka tafi da noti biyu ko uku a aljihu. Sifanar da ta zauna daram ba ta girgiza ita ce ta ƙwarai. Rubutun Cr-V da ke jikin ƙarfe sunan irin ƙarfen ne, amma kowa na iya buga shi, ba shaida ba ce. Mita a gwada ta a batir nan take, geji a gwada shi da na mai faci. Kada kuma a raina gwanjo. Tsohuwar sifanar Jamus ko Japan da ta sha aiki ba ta buɗe baki ba, ta riga ta ci jarrabawa.

ABIN DA AKE BAR WA MASU SHI

Mallakar kayan aiki ba ta mai da mutum bakanike. Tukunyar birkin iska ta tirela akwai ƙaton sifirin matse a cikinta, buɗe ta ba sani na kisa. Haka tsofaffin rim masu zobe, in zoben bai zauna ba yana tashi wajen ba da iska. Famfon gazuwal na sababbin injuna ƙarfinsa na iya huda fata. Waɗannan a kai su gareji, kada garin gyaran gira a rasa ido.

Da yawanmu ba mu da motar kanmu, shata muke ɗauka. To mu ma maganar ta shafe mu, don shanun namu ne. Yadda kake buɗe bakin sa ka duba haƙora kafin ka biya, haka ya dace ka ce wa direba ya buɗe akwatin kayan aikinsa kafin a fara lodi. Ka ga jak, ka ga katakon tokari, ka ga safaya da iska a ciki. Direban ƙwarai ba ya jin haushin wannan. Kuɗin duk kayan da muka lissafa bai kai abin da ake asara ba in sa ɗaya ya kwanta a hanya.

Allah ya kiyaye hanya, ya ba da kasuwa. Sai fitowa ta gaba.