Babur ɗin BMW R20: Me ke tsakanin samfurin baje koli da babur na kasuwa?

A ƙarshen watan Mayun 2024, kamfanin BMW na ƙasar Jamus ya fito da wani samfurin babur da ya raɗa wa suna R20 a bikin baje kolin tsofaffin motoci na alfarma da ake yi duk shekara a Villa d'Este, a bakin tafkin Como da ke arewacin Italiya. Hotunansa sun bazu cikin ƴan sa'o'i, ra'ayoyin masu sha'awar babura kuma suka rabu a kansa. Wasu sun yaba ƙirarsa, wasu sun kushe ta, amma tambayar da kusan kowa ya yi ita ce ko za a ƙera shi don sayarwa.

A lokacin baje kolin, kamfanin bai sanar da farashi ba, bai faɗi ƙarfin injin ba, bai kuma tsayar da ranar fara ƙera shi ba. Wannan shiru ba baƙon abu ba ne a sana'ar, domin samfurin baje koli yana da nasa aikin na dabam.

Mene ne samfurin baje koli?

Samfurin baje koli babur ne da kamfani ke ƙerawa guda ɗaya ko ƴan kaɗan, galibi da hannu, domin ya nuna inda tunanin masu zanensa ya dosa. Ba a yi masa rajista, ba a saka masa farashi, kuma ba lallai ne ya cika dokokin hawa titi ba.

Kamfanoni na amfani da shi wajen auna zuciyar masu saye kafin su zuba kuɗi mai yawa. Kafa layin ƙera sabon babur yana cin shekaru da dukiya, saboda haka ya fi sauƙi a fara nuna guda ɗaya a ji abin da jama'a, dillalai da mujallun babura za su ce. Wani lokaci kuma kamfanin ya riga ya yanke shawara, samfurin share fage ne kawai ga babur ɗin da ke tafe.

Abin da ke jikin R20

Zuciyar babur ɗin ita ce injinsa mai girman cc 2,000. Babur ɗin da ƴan acaba suka fi amfani da shi a Nijeriya yana tsakanin cc 100 zuwa 150, wato injin R20 ya ninka ƙaramin cikinsu sau 20.

Ana kiran irin wannan inji Boxer, kuma sunan ba shi da alaƙa da babur ɗin Boxer na kamfanin Bajaj da aka sani a titunan ƙasar nan. Kalmar tana nufin ɗan dambe. Injin yana da silinda biyu a kwance, ɗaya ta leƙo dama, ɗaya hagu, fistin ɗin cikinsu kuma suna fita tare su koma tare kamar hannuwan mai kai naushi. Da irin wannan tsari BMW ya ƙera babur ɗinsa na farko, R 32, a 1923, wanda injiniya Max Friz ya zana.

Iska da baƙin mai ne ke sanyaya injin, babu ruwa. Babu sarƙa kuma. Farfela ce ke juya tayar baya, an bar ta a fili ana ganin tana jujjuyawa. Tankin man na alminiyom ne, an shafe shi da launin ruwan hoda mai haske wanda kamfanin ya ce ya ɗauko daga shekarun 1970. Kujerar ta mutum ɗaya ce, fitilar baya a jikinta take, salansa biyu kuma gajeru ne masu buɗaɗɗen baki. Tazarar da ke tsakanin tayar gaba da ta baya milimita 1,550 ce.

Wannan adadi na ƙarshe yana da muhimmanci. An ɗauko tushen injin ne daga R 18, wani dogon babur na tafiyar ƙasaita da BMW ya fara sayarwa a 2020, mai tazarar milimita 1,731 da nauyin kilogiram 345. An gajarta R20 sosai domin ya zama babur mai saurin juyawa a kwana.

Masu yabo da masu suka

Waɗanda samfurin ya burge sun fi magana a kan yadda komai na injin yake a bayyane. A zamanin da kamfanoni ke rufe babura da roba, suna cika su da allon kwamfuta, wasu kuma suna komawa ga lantarki, ganin ƙaton injin ƙarfe tsirara ya sosa musu inda yake yi musu ƙaiƙayi. Launin tankin ma ya samu magoya baya, waɗanda ke ganin kamfanin da aka sani da kamewa ya nuna ƙarfin hali.

Wasu sun yi maraba da shi ne saboda wani dalili na dabam. Babban ƙorafin da aka yi ta yi a kan R 18 shi ne cewa masu irin wannan babur, musamman a Amurka, sun saba miƙe ƙafafunsu gaba kamar yadda ake yi a kan Harley-Davidson, amma silindar da ta leƙo gefe tana tare wurin. A babur irin R20 mahayi yana naɗe ƙafafunsa ne a ƙarƙashinsa, don haka matsalar ba ta taso ba. A ganin waɗannan, injin ya samu gangar jikin da ta dace da shi.

Masu suka kuwa sun kafa hujja da faɗin injin. Babur yana shan kwana ne ta hanyar kwantawa gefe, kuma gwargwadon yadda silinda ta leƙo waje, gwargwadon yadda za ta yi saurin kusantar kwalta. Sun kuma kawo batun nauyi, domin injin R 18 tare da akwatin giyarsa ya haura kilogiram 110 shi kaɗai, kusan nauyin ƙaramin babur sukutum. Akwai batun zafin da silinda biyu masu cc 1,000 kowacce za su riƙa hurawa a ƙafar mahayi cikin cunkoso. Wasu kuma launin ne bai kwanta musu ba, ko rashin wurin goyo.

Kashi na uku su ne waɗanda suka ce babur ɗin ya yi kyau, amma ba su yarda zai iso kasuwa a haka ba. Tarihin sana'ar yana bayansu.

Shingen doka

Abu na farko da ke sauya samfuri shi ne doka. A Tarayyar Turai, ƙa'idar hayaƙi da ake kira Euro 5+ ta fara aiki a kan sababbin nau'o'in babura daga farkon 2024, sannan a kan duk sabon babur da za a yi wa rajista daga farkon 2025. Akwai kuma iyaka a kan ƙarar da babur zai iya yi.

Ma'anar wannan ga R20 a fili take. Gajeriyar salansa mai buɗaɗɗen baki ba za ta wuce gwajin ƙara ba, dole a ƙara mata girma, a saka na'urar tace hayaƙi. Hanyar shigar iska tana buƙatar akwati da matata, kuma inji mai cc 2,000 yana shaƙar iska mai yawa, don haka akwatin ba zai zama ƙarami ba. Sai an nemo masa wuri a babur ɗin da kyansa ya dogara ga rashin tarkace.

Injin da iska ke sanyayawa ya fi wahalar cika ƙa'idar hayaƙi, saboda zafinsa yana hawa yana sauka gwargwadon gudu da yanayi, alhali ƙona mai da tsabta yana son zafi daidaitacce. Wannan ne ya sa kamfanoni da dama suka koma ga sanyaya inji da ruwa. BMW ya nuna da R 18 cewa abin mai yiwuwa ne, sai dai ƙarfin da ya samu daga cc 1,802 doki 91 ne kawai, adadin da babura masu rabin girmansa ke wucewa. Ƙarfin R 18 yana wajen ja ne tun daga ƙaramin gudu.

Bayan haka akwai madubi, sigina, maƙalar lamba da makarin taɓo, waɗanda babur na titi ba ya rasa su. Kowannensu ƙarami ne, amma idan suka taru sukan canza kamannin bayan babur gaba ɗaya. Sau da yawa abubuwan da suka fi jan ido a wurin baje koli su ne na farko da ake cirewa.

Lissafin kuɗi

Shinge na biyu shi ne tsada. Kayan da aka ƙera da hannu don babur guda ɗaya, kamar tankin alminiyom da burki na musamman, ba sa zuwa da araha idan za a yi dubbai. Ko dai a musanya su da masu sauƙi, ko farashi ya haura abin da mai saye zai iya biya.

A nan R20 yana da abin da yawancin samfura ba su da shi. Tushen injinsa ya riga ya wanzu, ana ƙera shi a masana'antar kamfanin da ke Berlin, kuma an riga an kashe kuɗin bincikensa. Daga 2020 zuwa 2023 BMW ya fitar da nau'o'i da dama a kan wannan inji, ciki har da R 18 Classic, R 18 B, Transcontinental da Roctane. Duk sabon babur da zai yi amfani da shi yana taimakawa wajen mayar da abin da aka kashe.

Sai dai kasuwar manyan babura irin wannan ƙarama ce, kuma akwai masu ita. Triumph na Ingila yana da Rocket 3 mai cc 2,458, Ducati na Italiya yana da Diavel. Kamfanin da ya sayar da babura 209,257 a 2023, da yawa daga cikinsu na doguwar tafiya da yawon buɗe ido, zai duba ko sabon babur ɗin zai jawo sababbin masu saye ne ko kuwa zai raba waɗanda yake da su.

Abin da tarihi ya nuna

BMW yana cikin kamfanonin da suka fi cika alƙawarin samfuransu, musamman waɗanda ya nuna a Villa d'Este. Concept Ninety na 2013 ya share fage ga R nineT, wanda ya fito a shekarar kuma ya samu karɓuwa. Concept 101 na 2015 ya zama K 1600 B. Concept Link na 2017 ya zama babur mai lantarki CE 04 a 2021. Shi kansa R 18 an fara nuna shi a matsayin samfuri a watan Mayun 2019, ya fito a watan Afrilun 2020, ƙasa da shekara guda.

Misalin R 18 ya kuma nuna irin sauyin da ake samu. Samfurin yana da kafireta irin ta da, siririn jiki, da ƙaramar kujera. Wanda ya iso kasuwa ya zo da na'urar fesa mai ta zamani da manyan salansa biyu, waɗanda suka zama abin muhawara tun ranar farko.

Akwai kuma waɗanda ba su kai ba. Concept 6 da BMW ya nuna a Milan a 2009 babur ne tsirara mai silinda shida. Injinsa ya shiga manyan baburan tafiya na K 1600, amma babur ɗin da jama'a suka yi wa tafi bai taɓa fitowa ba. Vision Next 100 na 2016, wanda aka ce zai iya tsayuwa da kansa ba tare da faɗuwa ba, hasashe ne na nan gaba tun asali.

Darasi mafi ɗaci ya fito ne daga Japan. A 2001 Suzuki ya nuna B-King a baje kolin Tokyo, da injin Hayabusa da na'urar cusa iska mai ƙara masa ƙarfi. Masu kallo sun yi ta roƙon a ƙera shi. Sai a 2007 ya fito, babu na'urar, ga manyan salansa a ƙarƙashin kujera, kuma bayan ƴan shekaru aka daina yin sa. Shekara shida na jira sun isa sha'awa ta huce. Honda ma ya ga irin haka da DN-01, wanda ya nuna a 2005, ya fara sayarwa a 2008, ya dakatar a 2010. Masu tafi a zauren baje koli ba su ne masu zuwa shagon dillali da kuɗi a hannu ba.

Yadda ake gane samfurin da ke da makoma

Masu bibiyar sana'ar suna duba wasu alamu. Idan injin samfurin yana tashi kuma danginsa suna kasuwa, alama ce mai kyau. Idan kamfani ya bayar da ma'auni dalla-dalla, kamar girman taya da tazarar da ke tsakaninsu, yana nuna injiniyoyi sun sa hannu, aikin bai tsaya ga masu zane ba. Idan kuma an fara ganin kamfanin yana rajistar suna da zane a ofisoshin kare haƙƙin mallaka, ko ana gwada babur a ɓoye a kan titi, to magana ta yi nisa.

R20 ya cika alamu biyun farko tun ranar da aka buɗe shi. Tayoyinsa masu inci 17 irin waɗanda ake samu a kasuwa ne, shokozobansa na kamfanin Öhlins ne, injinsa kuma ɗan gidan R 18 ne. Wannan ya sa ya fi kama da Concept Ninety da samfurin R 18 fiye da Vision Next 100.

Abin da masu sha'awarsa za su sa wa ido shi ne yawan abin da zai rage daga samfurin bayan doka da lissafi sun gama da shi: girman salansa, nauyin babur ɗin, farashinsa, da tsawon lokacin da za a ɗauka. Waɗannan huɗun ne suka yi wa B-King illa, su ne kuma R nineT ya tsallake.