Muryar Da Ta Dushe Ta Ƙi Dawowa

Dukanmu mun san dushewar murya. Idan hunturu ya busa da ƙura, ko mura ta kama mutum, ko ya yini yana ɗaga murya a kasuwa, sai muryarsa ta dushe. Bayan 'yan kwanaki sai ta dawo. Wannan ba abin damuwa ba ne.

Amma akwai wata dushewa dabam. Mutum ba ya mura, bai yi ihu ba, wuyansa ba ya ciwo, ga shi kuwa murya ta tafi. Mako ya wuce, wata ya wuce, ba ta dawo ba. A kan irin wannan za mu yi karatu yau, domin wani lokaci ita ce alamar farko ta ciwon daji, wanda ake kira sankara ko kansa.

Yadda murya take fita

Kowa ya ɗora yatsa a kan zakaran wuyansa, ya ce "aaa". Za mu ji wurin yana rawa. A cikinsa akwai 'yan tsoka guda biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Tsawon kowace kamar gaɓar yatsa guda ne. Sunansu igiyoyin murya.

Igiyoyin nan suna aiki kamar ƙofa mai ƙyaure biyu. Idan za mu ja numfashi sai su buɗe, iska ta wuce zuwa huhu. Idan za mu yi magana sai su haɗu, iskar huhu ta bi ta tsakaninsu, su yi ta kaɗawa kamar tsirkiyar garaya. Na namiji sukan kaɗa fiye da sau 100 a daƙiƙa ɗaya, na mace wajen sau 200. Idan kuma za mu haɗiye abinci sai su rufe gam, don kada abinci ya faɗa hanyar iska.

To, igiyoyin ba su motsi da kansu. Ƙwaƙwalwa ce take ba su umurni. Umurnin yana bin wata siririyar jijiya, kamar yadda saƙo yake bin waya. Kowace igiya da tata jijiyar. In jijiyar ta lalace, saƙo ba ya isa, sai igiyar ta tsaya cik. Wannan shi ne shanyewar igiyar murya.

An daɗe da sanin haka. Wani likita Bagirke mai suna Jalinusu, wanda aka haifa a shekara ta 129, ya nuna wa mutanen birnin Rum. Ya yanke wannan jijiya a wuyan alade yana cikin kuka, nan take kukan ya ɗauke, alhali dabbar tana numfashi.

Jijiya mai doguwar hanya

Ga abin mamaki. Daga ƙwaƙwalwa zuwa zakaran wuya ba nisa. Amma jijiyar nan ba ta bin gajeriyar hanya. Takan sauka ta wuce maƙogwaro, ta gangara ƙasa, sa'an nan ta juyo ta hau. Ta dama tana juyowa a gindin wuya. Ta hagu kuwa sai ta shiga har cikin ƙirji, ta zagaya ƙarƙashin babbar jijiyar jinin da ta fito daga zuciya, kana ta komo sama.

A kan hanyarta tana wucewa kusa da huhu, da kaluluwar cikin ƙirji, da hanyar abinci, da ƙullutun nan na gaban wuya wanda in ya kumbura muke ce masa maƙoƙo. Matafiyin da ya yi doguwar hanya ya fi gamuwa da wahala. Saboda haka igiyar hagu ta fi ta dama yawan shanyewa.

Inda ciwon daji ya shigo

Ciwon daji tsiro ne wanda ba ya daina girma. Yakan danne abin da ke kusa da shi, ko ya ci shi. Idan ya tsiro a huhu, ko a hanyar abinci, ko a ƙullutun gaban wuya, ko ya bazu zuwa kaluluwar ƙirji, yana iya danne jijiyar murya. Sai igiya ɗaya ta shanye, murya ta dushe. Watau ciwon yana can cikin ƙirji, amma a murya ya fara nuna kansa. Mai shi zai yi ta shan zuma da citta don gyaran maƙogwaro, alhali ba a nan cutar take ba.

Akwai kuma ciwon dajin da ke tsirowa a kan igiyar muryar kanta. Wannan tun yana ƙarami yake dusar da murya. In ya girma sai ya riƙe igiyar, ta kasa motsi.

Kada mu firgita. Ba duk shanyewar igiyar murya ce ciwon daji ba. Sau da yawa jijiyar takan sami rauni wajen aikin tiyata a wuya ko a ƙirji. Rauni daga haɗari yana kawo ta. Tarin fuka yana kawo ta, haka kuma wani ciwon zuciya. Wani lokaci takan zo bayan mura mai tsanani, ta warke da kanta cikin wata 6 zuwa shekara guda. Amma mu a gida ba mu iya rarrabewa. Sai likita ya duba.

Alamun da za mu lura da su

Muryar mai wannan shanyewa ba ta da ƙarfi, tana fita tare da iska kamar mai raɗa. Yakan gaji da magana, numfashinsa ya ƙare kafin ya kai ƙarshen zance. Ba ya iya kiran wanda ke nesa a gona. Yakan ƙware idan yana shan ruwa. Tarinsa ba ya da ƙarfi.

Ga ƙa'idar da za mu riƙe: muryar da ta dushe har mako 3 ba ta dawo ba, a kai ta asibiti. Kada ma a jira mako 3 idan akwai ɗaya daga cikin waɗannan: tari da jini, ko rama ba dalili, ko abinci yana tsayawa a wuya ko a ƙirji, ko ƙari a wuya, ko ciwon kunne ɗaya wanda ya ƙi tafiya. Idan kuwa numfashi yana wuya, yana fita da ƙara, to, a tafi ran nan, ko da dare ne. Mai yiwuwa igiyoyin biyu ne suka shanye, ƙofar iska ta ƙuntata.

Abin da likita zai yi

Likitan kunne da hanci da maƙogwaro shi ne mai wannan aiki. Akwai su a manyan asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri. Mu fara da asibitin da ke kusa da mu, su ba mu takarda zuwa can.

Tun 1854 wani malamin waƙa mutumin Sifen, Manuel Garcia, ya ga igiyoyin muryarsa da ɗan madubi. Yau likita yana zura wani siririn bututu mai fitila ta hanci, ya ga igiyoyin sarai. Ba a yanka, kuma 'yan mintoci kaɗan ne. In ya ga ɗaya ba ta motsi, sai ya sa a ɗauki hoton wuya da ƙirji, a bi hanyar jijiyar tun daga sama har ƙasa. In an ga tsiro, sai a ɗebi ɗan kaɗan a auna. Da wannan awo ne kaɗai ake tabbatar da ciwon daji.

Magani ya danganta ga irin ciwon da girmansa. Akwai tiyata, akwai gashi da na'ura, akwai allurai. Gaskiya ɗaya ce: ciwon dajin huhu in ya kai ga jijiyar murya, galibi ya riga ya yi nisa, amma duk da haka magani yana sauƙaƙa wahala, yana ƙara kwana. Na kan igiyar murya kuwa, in an same shi da wuri, mafi yawan masu shi suna warkewa. Haka kuma yawancin na ƙullutun gaban wuya. Ita ma muryar ana iya gyara ta. Likita yana iya matso da igiyar da ta shanye zuwa tsakiya, domin mai lafiyar ta riƙa samunta.

Rigakafi ya fi magani

Babban mai kawo ciwon dajin huhu da na maƙogwaro shi ne taba. A 1950 masana biyu na Ingila, Richard Doll da Bradford Hill, suka nuna cewa masu shan sigari sun fi kowa kamuwa da na huhu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba tana kashe fiye da mutum miliyan 7 kowace shekara. Shisha ma taba ce. Giya kuma tana ƙara haɗarin, balle in ta haɗu da taba. Wanda ya bari, haɗarinsa yana raguwa shekara bayan shekara, ko da ya daɗe yana sha.

Mai ciwo yakan saba da muryarsa, ya ce ai tsufa ne. Mu da muke zaune tare da shi mu ne za mu ji ta sake. In mahaifinmu ne, ko maƙwabci, ko abokin karatu, mu ƙirga masa kwanaki. In mako 3 ya cika, mu raka shi asibiti. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.

Tambayoyi

1. Waɗanne ayyuka 3 igiyoyin murya suke yi?
2. Don me igiyar hagu ta fi yawan shanyewa?
3. Yaya ciwon da ke cikin ƙirji yake dusar da murya?
4. Mako nawa za mu jira kafin mu tafi asibiti?
5. Wace alama ce ba a jira da ita ko kwana ɗaya?