Leƙen Ciki a Zamanin Annoba

A watan Afrilun 2020 korona ta ɓulla a Jihar Katsina, kuma wanda ta fara hallakawa likita ne a Daura.

A dubi gwajin endoskofi, wanda na fi son a kira leƙen ciki: ana zura siririn bututu mai kyamara ta baki har tumbi, a duba gyambo ko zubar jini. Majiyyaci ba shi da halin sa takunkumi. Yana tari, yana yunƙurin amai, fuskar likita na dab da bakinsa. Shi ya sa ƙungiyoyin likitocin hanji suka ba da shawarar ɗage gwajin da ba na gaggawa ba, ma'aikata kuma su sa takunkumin N95 da garkuwar fuska. Mai aman jini kam ba ya jira.

A Mayun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sauke matakin gaggawa, amma ciwon hanta nau'in B yana nan. Bututun kuwa ba a tafasa shi, domin zafi na lalata shi. Wanke shi ake yi, a jiƙa cikin maganin kashe ƙwayoyin cuta. Saboda haka duk wanda aka tura gwajin, a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina ko na kuɗi, haƙƙinsa ne ya tambayi yadda aka tsabtace na'urar bayan wanda ya gabace shi.