Ɗalibanmu a Maroko da Aljeriya: ba kowace gajiya ce ake daurewa ba

A Satumba da Oktoba ne ɗaliban Nijar ke komawa jami'o'in Rabat, Fas, Alje ko Oran bayan babban hutu. Wannan kuwa shi ne lokacin da masassarar cizon sauro, wadda muke kira palu, ta fi ƙamari a Maraɗi, Damagaram da Tawa. Yaro zai iya shiga jirgi a Yamai lafiya lau alhali ƙwayar cutar na cikin jininsa, domin alamunta kan bayyana kwana 7 zuwa 30 bayan cizon.

Sai ya isa, karatu ya kankama, jiki ya fara nauyi, ga ciwon kai da ɗan zazzaɓi da dare. Ya ce gajiyar hanya ce ko sauyin iska, ya haɗiye farasitamol ya tafi aji. Idan ya kira gida, abin da zai ji shi ne: «Ka daure, karatu ka je yi.» Ba don mugunta iyaye ke faɗin haka ba. Sun san kuɗin da aka kashe, shi kuma yana tsoron ya faɗi jarrabawa ya rasa tallafin karatunsa.

Matsalar ita ce can ba gida ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da kawar da palu a Maroko a 2010, a Aljeriya kuma a 2019. Likitan da ya shekara bai ga mai palu ba, idan saurayi ya zo masa da zazzaɓi a lokacin sanyi, mura zai fara zato. A Maraɗi ko ba a tambaya ba za a tsaga yatsa a gwada jini. A can sai ɗalibi ya buɗe baki ya ce daga Nijar ya dawo, ga ranar da ya sauka, yana so a yi masa gwajin palu. Nau'in da ya fi yawa a ƙasarmu, falsifarum, yana iya rikiɗewa ya taɓa ƙwaƙwalwa ko ƙoda cikin kwana ɗaya in ba a sha magani ba. Kuma ɗan kariyar da jikin wanda ya tashi cikin sauro yake da ita tana raguwa idan ya daɗe a waje. Shi ya sa ɗalibin shekara ta uku da ke cewa «ai na saba da palu» ya fi ba ni tsoro a kan sabon zuwa.

Sanyi ma yana da nasa. A Setif, Batna ko Ifran har ƙanƙara ke sauka. Mai sikila ya sani cewa sanyi da ƙarancin shan ruwa na tayar da ciwon. Tarin da ya wuce mako biyu, musamman da rama da gumin dare, yana buƙatar gwajin tarin fuka. Idan kuma duk ƴan ɗaki suka tashi da ciwon kai da jiri, a kashe na'urar ɗumama ɗaki ta gas, a buɗe taga, a fita: iskar da take fitarwa ba ta da wari, kuma kowane hunturu tana kashe mutane a Aljeriya.

Gajiyar bitar dare da kewar gida, barci da abinci da hira da ƴan uwa kan sassauta ta. Wadda ta zo da zazzaɓi ko ta ƙi tafiya bayan hutawa, ta likita ce. Wanda ciwo ya hana shi jarrabawa ya karɓi takardar likita ya kai ofishin makaranta da wuri, ya tambayi sharuɗɗan zagaye na biyu.

Ku kuma iyaye, in yaro ya ce jikinsa ba daɗi, kafin ku ce ya daure, ku tambaye shi ko da zazzaɓi, da kuma ko an gwada jininsa.